Martani Ga Mai Cewa A Ƙara Wa Inji Ƙarfi A Ɓoye Wa Kamfani

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar, yana ba masu manyan motocin dakon amfanin gona na Kura da Bunkure shawarar su sa wa injinansu 'yar na'urar nan ta ƙarin ƙarfi da ake kira cif, ko su kai a sake rubuta ƙwaƙwalwar motar, ko da tana cikin wa'adin garanti. Shawarar ba ta tsaya nan ba. Ya ce idan lokacin sabis ya yi, a cire na'urar a ajiye a gida, a kai motar garejin kamfani kamar ba a taɓa ta ba, in an dawo a mayar. Na yarda tausayin masu mota ne ya sa shi ɗaukar alƙalami, kuma ban ɗauke shi maƙiyin kowa ba. Amma shawarar tasa cuta ce, kuma waɗanda za ta fara kayarwa su ne mutanen da yake son ya taimaka wa.

Bari in fara da kawo hujjojinsa yadda ya faɗe su, don kada a ce na rage masa magana. Ya ce kamfanoni da gangan suke ɗaure inji, domin inji ɗaya ne suke sayarwa da ƙarfin doki iri-iri a farashi iri-iri, saboda haka mai mota ƙarfin da ya riga ya biya yake kwancewa. Ya ce na'urar tana rage shan gas a wannan zamani da gas ya zama rabin kuɗin tafiya. Ya ce tumatir ba ya jira, mota mai sauri ita ce mota mai riba. Ya ce garanti a ƙasar nan suna ne kawai, sabis ɗin kamfani kuma tsada ne da jira, alhali a Amurka doka ta hana kamfani soke garanti don an sa wa mota kayan da ba nasa ba. A ƙarshe ya ce kamfani ba shi da hanyar ganewa, kuma motarka dukiyarka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita.

Wannan magana ba ƙarama ba ce a wurinmu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da Gwamna Audu Baƙo ya ɗauko, ruwa ya sauko ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, yankin ya koma noma rani da damina. Shinkafa, alkama, masara, albasa, tumatir, duk a nan. Kuma ba abin da yake fita daga gona ya kai kasuwa sai a bayan mota, daga Kwanar Gafan zuwa 'Yan Kaba, daga injinan casar shinkafa na Kura zuwa Dawanau, daga nan zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar da ta kai kilomita 1,000. Yawancin motocin da ke wannan zirga-zirga tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, ba ruwansu da garanti. Wanda maganar ta shafa shi ne wanda ya yi ƙoƙari ya sayi sabuwa, sau da yawa da bashin banki ko da kuɗin ƙungiya ko da gonar da ya sayar. Shi ne wanda ba zai iya jure asarar inji ba, kuma shi ake ce wa ya yi caca da shi.

Mu ɗauki hujjar farko. Gaskiya ne ana sayar da inji ɗaya da ƙarfi daban-daban. Kowane direban tifa ya san akwai Howo mai doki 336, akwai mai 371, kuma gangar injin iri ɗaya ce. Amma, Malam, ganga kaɗai ce inji? Ina turbo, ina nozil, ina lagireto, ina kuloci, ina giya? Idan kamfani ya fitar da mota mai ƙarfi sama, yakan daidaita waɗannan da ƙarfin, ya gwada su tare, sannan ya sa hannu ya ɗauki alhaki. Mai sayar da cif a cikin kwali me ya gwada? A wace hanya, da wane kaya, cikin wane zafi? Kuma in inji ya buga, a ina za ka same shi?

Ya kamata mai mota ya san ainihin aikin na'urar nan kafin ya biya kuɗinta. Injinan zamani suna tara gas a cikin bututun ƙarfe guda, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,500, daga nan nozil-nozil suke fesa shi cikin inji. Akwai sensa da ke auna wannan matsi tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota. Yawancin irin wannan cif tsakanin sensar da ƙwaƙwalwar ake laƙa shi, kuma aikinsa shi ne ya rage lambar da sensa ta faɗa. Sai ƙwaƙwalwa ta zaci matsi ya yi ƙasa, ta umarci famfo ya ƙara. Gas ya ƙaru, mota ta ƙara ja, direba ya ji daɗi. Amma ƙwaƙwalwar da aka ƙera don ta kare inji yanzu da lambar ƙarya take lissafi. Zafin ƙonuwa ya hau, zafin salansa ya hau, fistin da kan silinda da turbo suna shan abin da ba a shirya musu ba, kuma mai gadin da ya kamata ya yi ƙara an rufe masa ido. Motocin da ba su da ƙwaƙwalwa ma, masu tsohon famfo, abin da ake musu ke nan da hannu: a fasa hatimin da kamfani ya sa a kan famfon, a murɗa kusar gas. Baƙin hayaƙin da muke gani yana tashi a hawan hanya gas ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba.

Marubucin ya kira ragowar ƙarfin da kamfani ya bari rowa. Ni ina kiransa ajiyar da ƙasarmu take cinyewa kullum. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40. Da hunturu ƙura tana toshe filtar iska, inji ya rasa numfashi. Gas ɗin da ake saya a bakin hanya ba kowane ne mai tsabta ba, wani da ruwa, wani da kananzir. Ga lodin da ya wuce ƙa'ida, wanda duk mun san ana yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin wannan ragowa. Manomin Kadawa ya san bakin magudanar ruwa ana barinsa ya ɗara ruwan da ke gudu a ciki, don ranar da ruwa zai yi yawa. Wanda ya ce wannan sarari asara ne ya buɗe ƙofa ya cika ta maƙil, ranar da ta ɓalle ba gonarsa kaɗai za ta tafi ba. Injin da ke aiki a Jamus da gas mai kyau da iska mai sanyi wataƙila ya jure ƙarin. Wanda ke hawa daga Jeba da kwandunan tumatir da tsakar rana ya riga ya cinye rabonsa.

Sai maganar rage shan gas, wadda ita ce ta fi jan hankalin mutane. Na fahimci dalili, domin tun 2022 farashin gas ya yi tashin da ya durƙusar da masu mota da yawa. Amma mu yi tambaya mai sauƙi: daga ina ƙarin ƙarfin yake fitowa? Injin dizal ba shi da abinci sai gas da iska. Na'urar da aikinta shi ne ƙara fesa gas, ta yaya za ta zama mai rage shi idan direba yana amfani da ƙarfin da ta ba shi? Masu tallarta sukan nuna agogon gaban direba, su ce ga shaida, lamba ta sauka. To, wannan agogo daga ƙwaƙwalwar mota yake karɓar lissafi, ita kuwa ƙwaƙwalwa ita ce aka yi wa ƙarya. Tana ƙirga gas ɗin da ta zaci ta fesa, ba wanda ya fita daga tanki ba. Wanda ke son gaskiya ya cika tanki a Kura, ya je ya dawo da kaya iri ɗaya a hanya ɗaya, ya sake cikawa, ya duba rasit. Kuma kowane tsohon direba zai gaya maka abin da ke rage shan gas: iskar taya daidai, filta mai tsabta, nozil mai lafiya, lodi daidai, ƙafa mai sauƙi a kan totur, da kashe inji idan an tsaya. Iska tana ƙara turjiya ne ninki-ninki yayin da gudu ya ƙaru, saboda haka motar da aka ƙara wa ƙarfi don ta yi gudu ba za ta taɓa zama mai tattalin mai ba.

Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro. Tumatir ba ya jira, gaskiya ne. Masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha tsayawa tana sake tashi, don haka har yanzu mafi yawan amfanin sai ya yi doguwar tafiya zuwa kudu. Amma a ina ake asarar lokaci a wannan tafiya? A shingayen hanya ne, da ramuka, da cunkoson tireloli, da jiran lodi, da lalacewar mota a daji. A ina tumatir yake ruɓewa? A cikin kwandunan da aka ɗora wani kan wani har na ƙasa ya matse ya tsiyaye, abin da akwatunan roba suke magancewa. Wanne daga cikin waɗannan ƙarin doki 40 zai warware? Motar da ta ci ribar awa ɗaya a gudu, sannan kan silinda ya ƙone tsakanin Mokwa da Jeba, kwana nawa tumatirinta zai yi a rana?

Kuma sake rubuta ƙwaƙwalwa sau da yawa tare yake tafiya da cire ƙayyade gudu, domin shi ne abin da direba ya fi roƙo. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa na'urar ƙayyade gudu a motocin haya sosai tun ranar 1 ga Fabrairu, 2017, kuma ƙa'idar hanya ta ba tirela da tanka kilomita 60 a awa a babban titi mai hannu biyu. Lissafin a bayyane yake: motar da ta tashi daga gudun 60 zuwa 90, aikin da birki zai yi don tsayar da ita ya ninka fiye da sau biyu. Cif yana ƙara wa inji, ba ya ƙara wa birki ko taya komai. Titin Kano zuwa Zariya ta tsakiyar garuruwanmu ya ratsa. A Karfi da Kura da Kwanar Gafan akwai masu talla a bakin hanya, akwai 'yan makaranta, akwai masu babur ɗauke da buhun taki. Su waye suka tambaye su ko sun yarda a kwance wa tirela ƙafa? Malam ya ce motarka dukiyarka ce. Haka ne. Amma titin na kowa ne, iskar da hayaƙin ke shiga ta kowa ce, ran yaron mota da ke zaune a gefen direba kuma ba dukiyar mai mota ba ne.

Yanzu maganar garanti. A nan zan ba marubucin gaskiyarsa, domin yana da ita. Sabis ɗin kamfani yana da tsada. Wani lokaci mota ta yi makonni tana jiran kayan gyara daga Legas ko daga ƙasar waje, balas ya tsaya, bashi yana tafiya. Wasu dillalai suna sayar da mota da baki mai daɗi, ranar da matsala ta zo su fara neman hanyar zamewa. Duk wannan ana yi, kuma ya kamata a yi ta faɗa. Amma ina maganin a cikin shawararsa? Idan dillali yana neman dalilin da zai ƙi biya, mai hankali zai miƙa masa dalilin da hannunsa ne? Mutumin da ya kiyaye littafin sabis, ya riƙe rasit, bai taɓa injinsa ba, yana da bakin magana. Tun farkon 2019 da aka sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin mai saye, akwai hukumar tarayya da za a kai wa ƙorafi a kan kaya maras inganci, akwai kuma kotu. Wanda ya fasa hatimi ko ya laƙa cif ya zubar da wannan makami tun kafin a fara shari'a.

Misalin Amurka da ya kawo ma bai tsaya masa ba. Akwai dokar, ta 1975 ce, ana kiranta Magnuson-Moss. Abin da ta hana shi ne kamfani ya soke garanti kawai don ka sa kayan wani ko ka yi sabis a wani gareji. Ba ta tilasta wa kamfani ya biya ɓarnar da kayan da ka sa suka jawo ba. In an nuna cif ne ya narkar da fistin, mai mota ne zai biya, a can ɗin ma. Kuma doka ce da aka yi don kayan amfanin gida da na iyali, a wata ƙasa, ba ta da iko a garejin da ke titin Zariya. In kuwa Amurka za mu duba, mu duba duka. A can hukumar kare muhalli ta sha cin tarar masu ƙera na'urorin da ke kashe tace hayaƙi, kuma a Disamba 2023 kamfanin Cummins, wanda shi kansa yake ƙera inji, ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 a kan manhajar da ke kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram. Kafin shi asirin Volkswagen ya tonu a 2015. Ƙasar da ake kafa mana hujja da ita ba ta ɗauki yi wa inji ƙarya wasa ba.

Sai hujja ta ƙarshe, wai kamfani ba zai gane ba. Zai gane, kuma sau da yawa cikin sauƙi. Ƙwaƙwalwar mota tana ajiye tarihi: mafi girman gudun da aka yi, juyin inji, zafi, kurakuran da suka taso da lokacin da suka taso. Da yawa suna ƙirga sau nawa aka sake rubuta su, kuma manhajar da ke ciki tana da lambar tantancewa da kwamfutar kamfani ke gwadawa da ta asali. Na'urar da ake laƙawa a cire kuwa takan bar lambobin da ba su jitu da juna ba, ta bar alama a soket da waya. Ko babu kwamfuta, bakaniken da ya san aikinsa in ya sauke inji ya ga kan fistin, ya san irin wutar da ta ci shi. Kuma manyan gyare-gyare irin na inji ba a amincewa da su sai an bincika. Ranar da ka fi bukatar garanti, ranar ce za a fi tona motarka. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To a ce ma ba za a gane ba. Mene ne sunan abin da aka ba mu shawara mu yi? Ka sa hannu a yarjejeniya cewa ba za ka sauya inji ba, ka sauya, ka ɓoye, ya lalace, ka karɓi sabon kaya kyauta a kan cewa laifin masana'anta ne. Wannan ha'inci ne, kuma addininmu bai sassauta a kansa ba don wanda aka ha'inta babban kamfani ne ko baƙo. Mu da muke kuka da mai zuba yashi a buhun shinkafa, da mai jera manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, da wane baki za mu halatta wannan? Kuma cutar ba a kan kamfani take ƙarewa ba. Bayan shekara biyu ko uku za a cire na'urar a sayar da motar ga wani ɗan'uwa a Bunkure ko Garun Malam, wanda zai ga fenti mai kyau da littafin sabis cikakke, bai san injin ya tsufa kafin lokacinsa ba. Shi wa zai kai ƙara?

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar ta karkatar da mu daga faɗan da ya kamata mu yi. Ƙasar nan ta taɓa samun masana'antun haɗa manyan motoci a kusa da masu amfani da su: na Fiat a nan Kano kan titin Zariya, Steyr a Bauci, Mercedes a Inugu, Leyland a Ibadan. Yau ana haɗa Sinotruk a Ikeja, ana sayar da motoci da tarakta da injinan girbi har cikin gonakinmu. Wanda ya iya kawo mota ya sayar a Kano, ya iya ajiye kayan gyaranta a Kano. Wannan shi ne abin da ƙungiyar masu motocin sufuri da ƙungiyoyin manoman rani da na kanikawa ya kamata su haɗa kai su nema. A rubuta sharuɗɗan garanti a fili, da Hausa, kafin a biya kuɗi. A faɗi wa'adin gyara, in ya wuce a san wanda zai ɗauki asarar. A horar da kanikawanmu na Kura da na Ƙofar Ruwa, a ba su kwamfutar bincike da littattafan gyara, a amince da juyen mai da canjin filta da suka yi da kaya na gaskiya ba tare da garanti ya faɗi ba. Wannan ba mafarki ba ne. Tarayyar Turai tana da ƙa'idar da ta ba garejin da ba na kamfani ba damar yin sabis ba tare da an soke garanti ba, manoman Amurka kuma sun matsa har John Deere ya sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyarsu a Janairu 2023 kan ba su kayan bincike da bayanan gyara. Da haɗin kai a fili suka samu wannan. Kamfanin da ya gano masu sayensa suna ɓoye masa na'ura kuwa, ƙara tsaurara sharuɗɗa zai yi, kuma masu gaskiya ne za su biya.

Matsayina ke nan, ɗan'uwa, kuma ba na janye ko ɗaya daga ciki. Muddin mota tana cikin garanti, kada a sa mata cif, kada a sake rubuta ƙwaƙwalwarta, kada a fasa hatimin famfonta. Wanda kayansa ke bukatar doki 371 ya sayi mai 371 tun farko, ko ya tambayi kamfani a rubuce ko yana da ƙarin da ya amince da shi. Bayan garanti ya ƙare, mai mota yana da 'yancin gyara injinsa a inda ya so, amma ba shi da 'yancin cire ƙayyade gudu, kuma in zai sayar wajibi ne ya faɗi abin da ya yi mata. Ƙorafinmu a kan tsada da jira da zamewar dillalai mu kai shi gaban hukuma da ƙungiya da hannu mai tsabta. Ina roƙon marubucin ya janye wannan shawara a inda ya wallafa ta, tun kafin wani ya sayar da gonarsa karo na biyu don biyan injin da ya bi maganarsa ya ƙona.